Via Jacobi ko Via Francigena: wacce za a taka a tsaunukan Suwizalan?

Wanda ya ɗaura niyyar ziyarar ibada da ƙafa a tsaunukan Alps, kuma mako ɗaya zuwa kwana goma ne a hannunsa, zaɓinsa yakan tsaya tsakanin hanyoyi biyu. Ɗaya ita ce Via Jacobi, reshen Suwizalan na hanyar da ke kai masu ziyara kabarin Manzo Yakubu a Santiago ta ƙasar Sifaniya. Ɗayar kuwa Via Francigena ce, wadda ta taso daga Canterbury ta Ingila ta nufi Roma, bisa sawun Babban Bishop Sigeric da ya rubuta zangon tafiyarsa 79 a shekarar 990. A allunan hanya na Suwizalan, ta farkon lamba 4 ce, ta biyun lamba 70, kuma suna gicciye juna a birnin Lausanne.

Babu mai gama ko ɗaya a kwana goma, saboda haka yanki ake yanka. A Via Jacobi, yankin da ya fi tsauni da tafki shi ne daga Einsiedeln zuwa Thun, wajen kilomita 140, tafiyar kwana shida ko bakwai. A Via Francigena kuwa daga Lausanne zuwa Aosta ta Italiya ne, wajen kilomita 160, kwana tara. Sunayen garuruwan mun bar su yadda aka rubuta su a allo, domin a haka za ka gan su a bakin hanya.

Ra'ayinmu tun da fari: kada hoto ya zaɓar maka. Abu biyu ne za su yanke hukunci, watan da za ka samu tafiya da ƙarfin gwiwarka. Wanda bai taɓa tafiyar kwanaki da jaka a baya ba, ko wanda hutunsa ya faɗo a Mayu, farkon Yuni ko Oktoba, Via Jacobi ce tasa. Wanda ya samu Yuli zuwa tsakiyar Satumba, ya kuma saba da hawa, Via Francigena za ta ba shi abin da ɗayar ba ta da shi.

Yadda ƙasar take a ƙarƙashin ƙafa

Via Jacobi hawa da sauka ce kullum, kuma ranar farko ba ta da sauƙi ko kaɗan. Ana fita daga Einsiedeln, wadda tsayinta ya kusa mita 900, a bi kwari cikin sauƙi har ƙauyen Alpthal. Daga nan hanya ta miƙe tsaye cikin daji zuwa Haggenegg, mita 1,414, wuri mafi tsayi a duk hanyar cikin Suwizalan, da duwatsun Mythen guda biyu tsaye a gefenka. Hawan ba shi ne matsala ba. Saukar ce: wajen mita 900 a ɗan gajeren nisa zuwa garin Schwyz, wani wuri tsakuwa, wani wuri kwalta mai gangara. A nan gwiwa ke fara magana, yatsun ƙafa kuma su yi ta dukan bakin takalmi. Wanda ya ci gaba har Brunnen a bakin tafkin Lucerne ya yi kusan kilomita 25 a ranar da jikinsa bai riga ya saba ba. Kwana a Schwyz, ko raba ranar gida biyu, ya fi hikima.

Kashegari jirgin ruwa ne ke ƙetarar da kai daga Brunnen zuwa Treib, ɗan minti goma, kuma masu ziyara tun da can ma ta ruwa suke wucewa a nan. Daga Treib zuwa Emmetten akwai hawa cikin daji a siririyar hanya, saiwoyi da duwatsu, wadda ke yin santsi sosai in an yi ruwa. Ranar da sama ta haɗe, a zauna cikin jirgin ruwa a sauka a Beckenried, babu abin kunya. Daga can sai Stans, sai gajeren zango na kilomita 16 ko 17 zuwa Flüeli-Ranft, sai gefen tafkin Sarnen da na Lungern, a haye mashigar Brünig, wato wurin ratsawa tsakanin tsaunuka, mai mita 1,008, a gangara Brienzwiler. Kwana biyu na ƙarshe ana bin saman tafkin Brienz zuwa Interlaken, sannan tafkin Thun, inda hanya ke ratsawa ta gaban kogon Waliyyi Beatus. Kusan kowace rana akwai tafki a idonka, kuma kusan kowace rana akwai hawan mita ɗaruruwa da saukarsu.

Via Francigena tsarinta dabam ne. Kwana huɗu na farko kusan shimfiɗe suke. Daga Lausanne ana bin tafkin Jeniba, mai tsayin mita 372, ta cikin gonakin inabi na Lavaux da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tudu, waɗanda UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 2007. Ana wuce Vevey da Montreux da tsohuwar fadar Chillon da ke zaune cikin ruwa, sai a bar tafki a shiga kwarin kogin Rhône: Aigle, Saint-Maurice, Martigny. Wahalar wannan yanki kwalta ce da rana. A Lavaux babu inuwa, bangon dutse yana mayar maka da zafi, tafki kuma yana haska maka ido. Zangon Vevey zuwa Aigle ya wuce kilomita 25, rabinsa na ƙarshe fili ne mai gajiyar da rai.

Daga Martigny, mita 471, labari ya sake. Cikin kwana uku za ka hau kusan mita 2,000: Orsières a wajen mita 900, Bourg-Saint-Pierre a mita 1,632, sannan mashigar Grand-Saint-Bernard a mita 2,469. Don a gane tsayin nan, garin Jos yana wajen mita 1,200, Chappal Waddi kuwa, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Wato a can za ka kwana sama da kowane wuri a Najeriya.

Wuri ɗaya yana buƙatar gargaɗi na musamman, tsakanin Martigny da Sembrancher, ta wajen Bovernier. Hanyar tana bin ƙuncin kogin Dranse, siririya ce, da manyan duwatsu da ake takawa, wani wuri da sarƙa a jikin dutse don riƙewa, gefe ɗaya kuma gangare. A busasshiyar rana mai kula zai wuce lafiya. Da ruwa, ko da jaka mai nauyi, ko ga wanda jiri ke ɗiba in ya leƙa ƙasa, a hau jirgin ƙasa daga Martigny zuwa Sembrancher, 'yan mintoci ne, a ci gaba da ƙafa daga can.

Ranar hawan ƙarshe kilomita 12 ce kawai, amma a ware mata sa'a huɗu zuwa biyar. Ana wuce madatsar ruwa ta Toules, itatuwa su ƙare, sai ciyawa da dutse da iska. Kwarin da ke ƙarƙashin mashigar ana ce masa Combe des Morts, wato kwarin matattu, saboda matafiyan da dusar ƙanƙara ta binne a zamanin da. A saman nan numfashi yakan yi gajere, wasu su ji ɗan ciwon kai. Sannu ba ta hana zuwa: taku gajere, a sha ruwa, a riƙa tsayawa. Sannan a tuna duk abin da aka hau za a sauke shi, kusan mita 1,900 cikin kwana biyu, ta Saint-Rhémy da Etroubles zuwa Aosta mai mita 583. Rabin ƙarshe yana da daɗi, don ana bin gefen tsofaffin magudanan ban ruwa cikin inuwar daji, amma gangarar farko daga mashigar tana cin gwiwa fiye da ta Haggenegg.

Akwai bambanci ɗaya da ba a cika lura da shi ba sai ƙafa ta yi ciwo. A Via Jacobi mafita tana kusa koyaushe: jirgin ruwa a tafkuna, bas a ƙauyuka, layin dogo kuma yana tafe kusa da kai tun daga Sarnen har Interlaken. A Via Francigena dogo ya ƙare a Orsières. Sama da nan bas ne kawai, ba ya zuwa akai-akai, kuma bas ɗin da ke kai wa har bakin mashigar sai lokacin zafi yake aiki.

Wata ne ke buɗe ƙofa

Via Jacobi tana takuwa daga Mayu zuwa Oktoba. A farkon Mayu ana iya tarar da ragowar ƙanƙara a Haggenegg, amma sauran hanyar tana ƙasa da mita 1,100.

Grand-Saint-Bernard ba haka take ba. Titin mota kansa yakan buɗe ne a farkon Yuni ya rufe a tsakiyar Oktoba, hanyar ƙafa kuwa takan riƙe ƙanƙara a kwarurruka har ƙarshen Yuni, wata shekara har cikin Yuli. Ɗan tafkin da ke saman mashigar a daskare yake mafi yawan shekara. Wanda ya zo a Mayu yana tsammanin zai haye da takalmin tafiya ya yi kuskuren da zai iya cin ransa, don lokacin zaftarewar dusar ƙanƙara bai wuce ba. A irin wannan lokaci abin yi shi ne a ratsa ta ramin da aka huda ƙarƙashin dutsen tun 1964, a mota, amma fa an bar zuciyar tafiyar a baya.

Zafi yana raguwa wajen digiri 6 a kowane mita 1,000 na hawa. In Martigny tana da digiri 30 da rana, saman mashigar zai kasance wajen 18, da asuba kuma yana iya kusantar daskarewa ko a Agusta. A duka hanyoyin biyu, hadarin rani da yamma yake tasowa, da tsawa. A fita ƙarfe bakwai, a isa masauki kafin uku, musamman ranar Haggenegg da ranar mashiga. Manhajar MeteoSwiss ta hukumar yanayin ƙasar tana nuna tafiyar ruwa sa'a-sa'a, a duba ta da dare da kuma safe.

Abin da zuciya ta je nema

Nan ne hanyoyin suka fi bambanta, kuma nan ya kamata mai ziyara ya fi tsayawa ya yi tunani.

Via Jacobi a wannan yanki tana da cibiya biyu. Einsiedeln gidan sufaye ne na ɗariƙar Benedict, an kafa shi a 934 a wurin da aka kashe Waliyyi Meinrad a 861. Cikin babbar majami'ar akwai ƙaramin ɗakin addu'a na baƙin marmara inda siffar Maryamu mai baƙar fuska take. Kullum bayan addu'ar yamma ta ƙarfe huɗu da rabi, sufayen sukan jero su je gabanta su rera Salve Regina, waƙar girmama Maryamu. A isa garin da rana kafin ranar tashi don kada a rasa wannan. Cibiya ta biyu ita ce Ranft, wani kwari mai zurfi a bakin rafi, inda Niklaus von Flüe ya zauna shekara ashirin. Manomi ne, uban 'ya'ya goma, ya yi aikin soja da na shari'a, sannan a 1467 ya bar gida da yardar matarsa Dorothea ya keɓe don ibada, 'yar tafiyar mintoci kaɗan daga gidansa. Ɗakinsa na katako yana nan, ƙanƙane, da ɗan benci da ƙananan tagogi biyu, ɗaya tana kallon bagadin majami'a, ɗaya tana kallon waje inda mutane ke zuwa neman shawara. Shawarar da ya aika wa taron Stans a 1481 ita ta hana yankunan Suwizalan yaƙar juna. An ayyana shi waliyyi a 1947, kabarinsa yana Sachseln a kan hanyarka. Wanda ya fito daga garin da ya san zafin rikici, tagogin nan biyu za su daɗe a ransa.

Da an haye Brünig an shiga yankin Bern, wanda ya koma Furotesta tun 1528. Majami'u a buɗe suke da rana, shiru, ba siffofi da yawa. Ɗan Katolika mai son halartar hadaya kullum zai same ta da sauƙi a kwana huɗun farko, daga baya sai a manyan garuruwa kamar Interlaken da Thun. Ɗan Furotesta kuwa zai ji ya shigo gida.

Via Francigena ta juya wannan tsari. Babbar majami'ar Lausanne, da aka keɓe a 1275, ta Furotesta ce tun 1536, kuma har yau mai gadi yana shelar sa'o'i da baki daga hasumiyarta tsakanin ƙarfe goma na dare da biyu. Daga Saint-Maurice zuwa Aosta ƙasar Katolika ce. Gidan ibada na Saint-Maurice an kafa shi a 515, kuma tun lokacin ba a daina addu'a a cikinsa ba. Sunan da yake ɗauke da shi na ɗan Afirka ne: bisa abin da ikilisiya ta gada, Maurice shugaban wata rundunar sojan Roma ne daga Thebes ta Masar, aka kashe shi da mutanensa a wannan kwari saboda sun ƙi bin umarnin da ya saɓa wa bangaskiyarsu. Ana bikinsa ranar 22 ga Satumba.

Sai masaukin saman dutse na Grand-Saint-Bernard, wanda Waliyyi Bernard ya kafa wajen shekarar 1050 don ceton matafiya. Limaman ɗariƙar Augustine suna zaune a can rani da hunturu, takensu kuma shi ne, a nan ake yi wa Almasihu sujada, a nan ake ciyar da shi. Ka iso jiƙe da gumi da sanyi, a zaunar da kai a miƙo maka shayi mai zafi, da dare a ci abinci a dogon tebur tare da baƙin da ba ka taɓa gani ba, a gangara ɗakin addu'a na ƙasa. Karnukan nan manya da suka yi suna wajen tono mutane daga ƙanƙara ana kawo su saman a lokacin zafi, sauran shekara suna Martigny. Ta wannan ƙofa Napoliyon ya ratsa da sojoji wajen 40,000 a Mayun 1800. Via Jacobi ba ta da dare irin wannan. Abin da take da shi, ibada ce a warwatse cikin kwanaki, ƙananan ɗakunan addu'a a bakin gona. Via Francigena kuwa tana tara komai zuwa ga dare ɗaya.

Kwana, kuɗi da harshe

Suwizalan tana da tsada, kuma kwana ne ke cinye mafi yawan guzuri. Gado a masaukin masu ziyara, kamar na sistocin Ingenbohl a Brunnen ko na Brienzwiler, bai kai rabin kuɗin ɗakin otal ba, amma gadajen kaɗan ne. A kira kwana ɗaya ko biyu kafin isowa. A Via Francigena ƙuncin ya fi yawa sama da Martigny, domin Orsières da Bourg-Saint-Pierre ƙanana ne, kuma a Yuli da Agusta masu yawon dutse suna cika su. Masaukin mashigar ma sai an kama wuri. Kwana biyun Italiya sun fi araha, kuma a can yuro ake kashewa, ba faran na Suwizalan ba. A riƙe tsabar kuɗi, wasu ƙananan masaukai ba sa karɓar kati.

Burodi da cuku da 'ya'yan itace daga kantin Coop ko Migros su ne abincin rana mai sauƙi. Kantuna suna rufe ranar Lahadi, sai na manyan tashoshin jirgi, don haka a yi sayayya ranar Asabar. Ruwan famfunan ƙauye ana sha, sai wanda aka rubuta wa Kein Trinkwasser ko Eau non potable.

Daga Einsiedeln zuwa Thun Jamusanci ake yi. Daga Lausanne zuwa mashiga Faransanci ne, a kwarin Aosta ma ana jin sa tare da Italiyanci. Ga wanda ya taso a Nijar, Kamaru ko Chadi, wannan babban sauƙi ne wajen kiran masauki da tambayar hanya.

Abin da ke lalata tafiya

Nauyin jaka ne kan gaba. Kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka, wato kilo 7 ga mai kilo 70, har da ruwa lita ɗaya da rabi. Riga biyu, wando biyu, safa uku marasa auduga, rigar ruwa, rigar sanyi ɗaya, da ɗan zanen kwana na masaukai. Mai zuwa Grand-Saint-Bernard ya ƙara hular sanyi da safar hannu da tabarau. Sanduna biyu suna rage wa gwiwa nauyi a gangara, kuma a duka hanyoyin sun cancanci ɗauka.

Sabon takalmi shi ne na biyu. A saye shi da 'yar rata a gaban yatsu, a taka shi makonni kafin tafiya, a yanke farce. Bororo yana fitowa ne daga gumi da gogayya. Da ka ji wuri yana zafi, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka jira masauki.

Allunan hanya masu ruwan ɗorawa lokaci suke nunawa, ba nisa ba, kuma ba a lissafa hutu a ciki. Alamar fari da ja da fari tana nufin hanyar dutse mai buƙatar takalmin kirki. Fari da shuɗi da fari ta ƙwararru ce, in ka gan ta ka bar hanyarka. A makiyaya, saniya mai ɗan maraƙi tana kai hari, a zagaye ta da nisa, a rufe ƙofar shinge bayan an wuce. A dazuzzukan ƙasa akwai kaska mai sa cuta, a duba jiki kowace yamma. Lambar gaggawa 112 tana aiki a ƙasashen biyu, 144 kuma ta motar asibiti ce a Suwizalan. Ceto da jirgi mai saukar ungulu kuɗi ne mai yawa, a tabbatar inshorar ta haɗa da shi.

Bizar Schengen ɗaya ta isa ƙasashen biyu. Ana neman ta a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa, wato Suwizalan a duka zaɓin, tare da inshorar lafiya ta akalla yuro 30,000. Kowace hanya tana da ɗan littafin masu ziyara da ake buga wa hatimi a majami'u da masaukai, kuma wasu masaukan sai da shi suke ba da gado. Sai dai takardar shaida ta Santiago ko ta Roma ana ba wanda ya taka akalla kilomita 100 ya kuma isa can da ƙafa ne, waɗannan yankuna ba su kai ka gare ta.

Einsiedeln tana wajen sa'a ɗaya daga Zurich a jirgin ƙasa, da canji a Wädenswil. Lausanne ba ta kai sa'a ɗaya daga filin jirgin Jeniba ba. Wanda ransa ke kan Grand-Saint-Bernard amma kwana shida kawai ya samu, ya sauka daga jirgin ƙasa a Saint-Maurice ya fara daga can. Zai rasa tafki da gonakin inabi, kuma ƙafarsa za ta samu kwana ɗaya tak na fili kafin hawa ya fara a Martigny.